Ƙanzon da ke toshe rijiyoyin mai: Lissafin da ke ƙara wuya yayin da haƙa ke ƙara zurfi

A watan Agustan 2024 kamfanin Chevron ya sanar da fara fitar da ɗanyen mai daga filin Anchor, mai nisan kimanin kilomita 225 daga gaɓar jihar Louisiana ta Amurka. Abin da ya sa aikin, wanda ya ci dala biliyan 5.7, ya ja hankalin masu harkar mai shi ne ƙarfin matsin da aka ƙera kayan aikinsa su jure, wato fam 20,000 a kan kowane murabba'in inci. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta wuce fam 30 zuwa 35 ba, ke nan matsin ya ninka na tayar kusan sau 600. Man kuwa yana kwance ne a zurfin da ya haura kilomita 10 daga saman teku.

Bayan wata huɗu, a Disambar 2024, kamfanin Shell ya yanke shawarar zuba jari a aikin Bonga ta Arewa da ke cikin tekun Najeriya, inda zurfin ruwa ya zarce mita 1,000. Rijiyoyi 16 za a haƙa a wurin: takwas na fitar da mai, takwas kuma na tura ruwa cikin ƙasa domin ya koro man zuwa sama. Ana sa ran aikin zai riƙa ba da ganga 110,000 a kullum idan ya kai ganiyarsa.

Ayyukan biyu sun nuna inda harkar mai ta dosa. Man da ke kusa-kusa yana ƙarewa, saura na nesa, mai zurfi, mai zafi. A irin waɗannan wurare akwai wata matsala da ba ta cika fitowa a kanun labarai ba, alhali tana iya kashe rijiyar da aka kashe wa ɗaruruwan miliyoyin daloli. Matsalar ita ce ƙanzon ma'adinai da ke daskarewa a cikin bututu, da kuma wuyar da ke tattare da sanin yaushe zai taru, a ina, kuma nawa ne yawansa.

Ruwan da ke zuwa tare da mai

Babu rijiyar da ke fitar da mai zalla. A ƙarƙashin ƙasa mai yana zaune ne tare da ruwan zartsi wanda ya shafe miliyoyin shekaru yana jiƙa duwatsu, yana narkar da ma'adinansu. An daɗe ana ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya kowace gangar mai tana fitowa ne da kusan ganga uku na irin wannan ruwa, kuma gwargwadon tsufan rijiya, gwargwadon yawan ruwanta.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Wani ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kai giram 200 zuwa 300. Muddin yana can a inda yake, cikin zafi da matsin da ya saba da su, gishirin yana nan a narke. Da zarar an huda dutse ruwan ya kama hanyar hawa, sai zafi ya ragu, matsi ya sauka, iskar da ke cikinsa ta fice. Daga nan ruwan ya kasa riƙe abin da yake ɗauke da shi, sai ya fara sauke kayansa a jikin bututu. Duk wanda ya taɓa ganin sukarin da ya kwanta a gindin kofi bayan shayi ya huce ya ga misalin abin.

Ƙanzon iri-iri ne, kuma kowanne da halinsa. Wanda ya fi yawa shi ne kabonet na kalsiyam, farin ɓawon nan da ke manne wa cikin butar dafa ruwa a garuruwan da ruwan burtsatsensu ke da nauyi. Shi saɓanin sukari ne, zafi ne ke rage narkewarsa, kuma yana taruwa ne musamman a inda matsi ya sauka iskar kabon dayoksaid ta bar ruwa. Sauƙinsa shi ne asid yana cinye shi.

Akwai kuma gishirin da aka sani na miya. A rijiyoyin iskar gas masu tsananin zafi, gas ɗin yana shanye ɗan ruwan da ke tare da shi, sai gishiri ya bushe a wurin, kamar yadda rana ke ƙafar da ruwa a ramukan gishirin Bilma. Ruwan daɗi yana wanke shi, sai dai yana saurin dawowa.

Wanda injiniyoyi suka fi tsoro shi ne salfet na bariyam, wanda ake kira barayit. Lita guda ta tsabtataccen ruwa ba ta iya narkar da fiye da miligiram biyu zuwa uku nasa, yayin da take narkar da gishirin miya kimanin giram 360. Asid ɗin da ake amfani da shi a rijiyoyi ba ya yi masa komai. Idan ya kama, sai dai a tura injin nika cikin rijiya ya goge shi, ko a jiƙa shi da wasu magunguna masu tsada da jinkirin aiki, ko kuma a zare bututun gaba ɗaya a sa sabo.

Yadda barayit ke samuwa shi ne babban abin lura. Domin a riƙe matsin rijiyoyin cikin teku, kamfanoni suna tura ruwan teku cikin ƙasa. Ruwan teku yana da salfet kimanin miligiram 2,700 a lita. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma a wasu filayen yana da bariyam ɗaruruwan miligiram a lita. Kowanne shi kaɗai lafiya lau yake, haɗuwarsu ce fitina. A ɗauki rijiyar da ke fitar da ruwa ganga 10,000 a kullum, mai ɗauke da bariyam miligiram 200 a lita. Idan duk bariyam ɗin ya samu salfet, za a samu barayit kimanin kilo 540 a yini guda, wato nauyin buhun siminti kusan 11, a cikin bututun da faɗinsa bai kai taƙi guda ba.

Darasin Tekun Arewa

Filin Miller da ke Tekun Arewa, wanda kamfanin BP ya sarrafa daga 1992 zuwa 2007, shi ne misalin da ake yawan koyar da ɗaliban wannan fanni. Ruwansa yana da bariyam mai yawa ƙwarai. A wata rijiya ta filin, man da ake samu ya faɗo daga ganga 30,000 a kullum zuwa babu ko ɗigo cikin sa'o'i 24, saboda ƙanzo ya rufe hanya. Idan aka yi lissafi da farashin dala 75 a kan ganga, irin wannan tsayawa asarar dala miliyan 2.25 ce a kowace rana, ban da kuɗin gyara.

A yankin ne kuma aka fara samo wata mafita. A 1988 kamfanin Marathon ya girka na'urar tace salfet daga ruwan teku a filin Brae ta Kudu, inda ake bi da ruwan ta wani irin rariya mai matuƙar ƙananan huji kafin a tura shi ƙasa. Na'urar tana sauko da salfet daga miligiram 2,700 zuwa ƙasa da 100. Tun daga lokacin dabarar ta bazu zuwa filayen cikin teku na Angola da Birazil da sauransu. Sai dai na'ura ce mai nauyi da tsada, kuma tana cin wuri a kan jirgin haƙar mai, inda ake lissafin kowane taku.

Akwai wani haɗari da aka gano a Tekun Arewa a farkon shekarun 1980. Sinadarin radiyam, mai fitar da tururin nukiliya, yana kama da bariyam a ɗabi'a, saboda haka yakan shige cikin ƙanzon barayit ya daskare tare da shi. Nau'in radiyam-226 yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. Wannan ya sa tsohon bututun da ya yi irin wannan ƙanzo ba ƙarfen da za a miƙa wa 'yan gwangwan ba ne sai an auna shi an tsabtace shi.

Yadda ake hasashe

Tun da rigakafi ya fi magani, aikin masana shi ne su faɗi abin da zai faru kafin a fara fitar da mai. Tushen lissafin ya girmi haƙar mai a cikin teku. A 1936 Wilfred Langelier na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito da wani ma'auni domin bututun ruwan sha na birane, wanda ke nuna ko ruwa zai ajiye ƙanzo ko zai ci ƙarfe. A 1952 Stiff da Davis suka faɗaɗa shi ya dace da ruwan zartsin rijiyoyin mai.

Ma'aunin yana kwatanta abin da ruwa ke ɗauke da shi da iyakar abin da zai iya riƙewa. Idan ya nuna sifili, ruwan ya ƙoshi daidai. Idan ya haura sifili, akwai rarar da za ta iya daskarewa. Hawan nasa kuma na ninki ne: 1 na nufin ruwan ya wuce iyaka sau 10, 2 na nufin sau 100. Saboda haka kuskuren da bai wuce 0.3 ba a kan takarda yana nufin an yi kuren ninki biyu a zahiri.

Wahalar tana wajen sanin ita iyakar. Idan gishiri ya narke, yana rarrabuwa zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki. A ruwan da gishirinsa kaɗan ne, ƙwayar bariyam da ta salfet suna saurin haɗuwa. A ruwan zartsi mai kauri kuwa, sauran ƙwayoyin gishiri suna kewaye kowaccensu, kamar mutum biyu da ke neman juna a kasuwar da ta cika maƙil. Shi ya sa ruwan zartsi ke riƙe barayit ninki da yawa fiye da ruwan daɗi. Ka'idar da Debye da Hückel suka fitar a 1923 ta bayyana wannan, amma tana aiki ne kawai a ruwa mai ƙarancin gishiri.

A 1973 Kenneth Pitzer, shi ma na Berkeley, ya kawo tsarin lissafin da ke la'akari da yadda kowace ƙwaya ke mu'amala da kowace a cikin ruwa mai kauri. A kansa aka gina mafi yawan manhajojin kwamfutar da ake amfani da su a yau, ciki har da ScaleSoftPitzer ta Jami'ar Rice da ke Houston, kuma manhajar PHREEQC ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda ake samu kyauta, ita ma tana ɗauke da shi.

Inda lissafin ke rauni

Tsarin Pitzer ba ya ƙirƙiro alƙaluma da kansa. Kowace mu'amala tsakanin ƙwayoyi tana buƙatar adadin da aka auna a ɗakin gwaji, kuma mafi yawan awon da aka tara cikin shekaru an yi shi ne a zafin ɗaki, digiri 25, da matsin iskar da ake shaƙa. Masu harkar mai suna kiran rijiya mai tsananin yanayi idan zafinta ya haura digiri 150 a ma'aunin Selshiyas, matsinta kuma ya wuce fam 10,000. Filin Elgin da Franklin, mai nisan kimanin kilomita 240 gabas da birnin Aberdeen, wanda ya fara aiki a 2001, yana da zafin kusan digiri 190 da matsin da ya ninka na iskar doron ƙasa sau 1,100. A can har ƙanzon da ba a saba gani ba, na sinadaran zink da dalma, ya bayyana.

A irin wannan yanayi ruwa kansa yana sauya hali. Ƙarfinsa na raba ƙwayoyin gishiri yana raguwa da zafi, matsi kuma yana ƙara masa ƙarfin narkarwa, kuma tasirin biyun ba ya tafiya a miƙe. Idan babu awo na zahiri, manhaja tana jan layi ne daga inda take da bayani zuwa inda ba ta da shi. Ta haka manhajoji biyu kan ba da amsoshi mabambanta a kan ruwa ɗaya. Domin cike wannan giɓi ne masu bincike na Jami'ar Rice suka auna narkewar barayit har zuwa digiri 250 da matsin da ya ninka na iska sau 1,500, aikin da aka wallafa a 2012. Irin wannan gwaji yana da wuya, domin ruwan zartsi mai wannan zafi yana cin ƙarfen tukunyar gwajin, kuma samfurin yana iya sauyawa a daidai lokacin da ake ɗebo shi.

Matsala ta biyu ita ce samfurin ruwan rijiyar. Kafin ya iso sama ya riga ya huce, iskarsa ta fita, wani ɓangare na ma'adinansa ya riga ya manne a hanya. Ɗakin gwaji zai iya ba da rahoton cewa bariyam kaɗan ne, alhali dalilin ƙarancin shi ne ya riga ya zama ƙanzo a ƙasa. Haka kuma taɓon da ake haƙa da shi yana gurɓata samfurin farko, kuma shi kansa taɓon da garin barayit ake ƙara masa nauyi. A sabon fili na cikin teku, sau da yawa a kan ɗan samfuri guda ko biyu ake yanke shawarar da za ta ɗaure kamfani shekara 20 ko fiye.

Ta uku, ma'aunin yana faɗin abin da zai iya faruwa ne, ba ya faɗin lokaci. Ruwa na iya wuce iyakarsa ya fice daga rijiya bai ajiye komai ba, wani kuma ya toshe bawul cikin kwanaki. Ga kuma magungunan da ake zubawa domin wata matsala daban, kamar metanol da ake hana daskarewar gas da shi a bututun ƙarƙashin teku mai sanyi, waɗanda ke rage wa ruwa ƙarfin riƙe gishiri.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada

Idan hasashe ya raina matsalar, za a gina jirgi babu na'urar tace salfet, babu isassun layukan tura magani, sai ƙanzo ya zo a rasa ta inda za a ɓullo masa. A kan tudu ana iya kawo mota da injin gyara cikin 'yan kwanaki. A rijiyar da bakinta ke ƙasan teku sai an yi hayar jirgi na musamman, wanda kuɗinsa na yini ke kai dubban ɗaruruwan daloli.

Idan kuma hasashen ya zuzuta matsalar, za a sayi na'urar da ba a buƙata, a riƙa tsayar da rijiya ana ɗura mata maganin rigakafi fiye da kima. Maganin, wanda galibi na dangin fosfonet ne, ana tura shi ne cikin dutse ya manne, sannan ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan tare da ruwa na tsawon watanni. Kowace ɗura tana nufin tsayar da fitar mai, kuma wasu magungunan suna lalacewa idan zafi ya yi tsanani.

Abin da ya shafi Najeriya

Kasafin kuɗin 2025 an gina shi ne a kan ganga miliyan 2.06 a kullum da farashin dala 75, kuma abin da aka riƙa haƙowa bai kai hakan ba. Manyan dalilan giɓin sanannu ne: satar mai, fasa bututu da ƙarancin sabon jari. Ƙanzo ba ya cikin sahun gaba. Ruwan filaye da dama na Neja Delta ma bai kai na Tekun Arewa kaurin gishiri ba. Duk da haka akwai dalilan da suka sa batun ya cancanci kulawa.

Na farko, manyan kamfanonin waje suna komawa cikin teku mai zurfi, inda filaye irin su Bonga, Erha, Agbami da Egina suke, kuma inda ake dogaro da tura ruwa cikin ƙasa. A ƙarƙashin yarjejeniyar rabon mai da ake aiki da ita a can, kamfani yana cire kuɗin da ya kashe kafin a raba riba. Duk dalar da ta tafi wajen gyaran rijiyar da ta toshe, ko wajen sayen na'urar da ba ta da amfani, tana rage abin da zai shiga asusun tarayya, wanda daga cikinsa jihohi da ƙananan hukumomi ke biyan albashi, albashin kuma shi ke motsa kasuwa.

Na biyu, tsofaffin filayen kan tudu da na bakin teku sun koma hannun kamfanonin gida. Oando ya sayi kadarorin Agip a 2024, Seplat ya karɓi na Mobil a ƙarshen shekarar, Renaissance kuma ya karɓi na Shell a 2025. Rijiyoyin da suka gada sun tsufa, ruwansu ya yi yawa, kuma kula da su yana buƙatar bayanan sinadaran ruwa na shekaru da dama da ƙwararrun da za su iya karanta su.

Na uku, ilimin kansa abin nema ne. Hukumar NUPRC, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke amincewa da tsarin raya kowane fili. Tana da hurumin tambayar kamfani a kan wane samfuri ya gina hasashensa, da wace manhaja, kuma ko an gwada manhajar a zafi da matsin da filin ke da su. Asusun PTDF da ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibai, da hukumar NCDMB mai kula da shigar 'yan ƙasa harkar mai, da Jami'ar Albarkatun Man Fetur ta Tarayya da ke Effurun, duk suna da rawar takawa wajen samar da ɗakunan gwajin da za su iya auna ruwa a irin wannan yanayi, maimakon a riƙa tura samfuri ƙasashen waje. Sababbin wuraren bincike kamar Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, suna da damar fara tara bayanan ruwansu tun daga rijiyar farko.

Wani abin lura shi ne barayit ɗin da ke toshe rijiya shi ne ma'adinin da ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa, da sassan Binuwai, Taraba da Kuros Riba, ake niƙawa a sayar wa kamfanonin mai domin taɓon haƙa. A buhu haja ce mai kawo kuɗi, a cikin bututu kuma asara ce. Rijiyoyi takwas da za su tura ruwa ƙasa a Bonga ta Arewa, da duk waɗanda za su biyo bayansu, za su yi aiki ne bisa hasashen da aka yi tun kafin a fara haƙa su, kuma ingancin wannan hasashe yana cikin abubuwan da za su tantance ko gangunan da aka rubuta a kasafi za su iso bakin jirgi.